Ƙunshin da Ya Ƙi Ɗinkuwa

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

Na sayi littafin nan ne don in riƙa rubuta abin da na gyara a manhaja, amma tun shafin farko ga bakina ya ƙi rufuwa. Jiya ni Asama'u na tsaya gaban dattawan masunta a bakin kogi na yi alkawari. Na ce ranar Asabar talatin ga wata, ranar taronsu, kowa zai riƙe wayarsa ya ji labarin ruwa kafin ruwan ya iso shi.

Abin ba wuya a faɗe. Mutumin sama, wajen Lolo ko can cikin Benin, zai danna ya faɗi inda ruwa ya kai, muryarsa ta sauka a wayoyinmu nan Bagudo. Bara ba wanda ya gaya mana, sai wayar gari muka yi ruwa ya shanye shinkafa ya tafi da tarunan mutane.

Wani tsoho ya tambaya ko yarinya za ta iya ita kaɗai, tunda yayanta ba ya nan. Baba, wanda shi ne babbansu, bai ko dube ni ba ya ce, "Ɗiyata ta. Abin da tac ce, ni nac ce shi." Wallahi ji na yi kamar in tashi sama. Yanzu kuma girmansa ne a hannuna, ba nawa ba.

Saura kwana ashirin da shida. Za ni iya!

Talata, 5 ga Agusta, bayan azahar

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don kaina ya daidaita. Fuskar manhajar, maɓallai da hotuna, ni na rubuta da harshen Kotlin. Amma a bakin kogi sabis layi ɗaya ne, shi ma sai ya ga dama, don haka dole a matse murya ta zama 'yar mitsitsiya kafin ta wuce. Wannan matsewar Yaya Bunyaminu ne ya rubuta ta da C++. Kafin ya tafi ya bar min ita a ƙunshe, dafaffiya, ban da asalin rubutun. Tsakanin nawa da nasa na gina 'yar gada da harshen C.

Akwai wani abu a kwamfuta da ake kira linka. Aikinsa ya ɗinke waɗannan yankuna su zama manhaja ɗaya. Yau na miƙa masa, ya watso min jajayen layuka arba'in da bakwai. Duk magana ɗaya suke yi: kin kira wane, ban san shi ba, kin kira wane, ban san shi ba.

Na yi dariya har Inna ta leƙo. Arba'in da bakwai ne kawai? Malam Linka, ba ka san da wa kake yi ba.

Laraba, 6 ga Agusta, da yamma

Har yanzu arba'in da bakwai. Na daina dariya.

Alhamis, 7 ga Agusta, kafin la'asar

Na kama shi! Ashe C++ ba ya barin ayyukansa da sunan da aka raɗa musu, sai ya yi musu ƙari a ɓoye, ita kuwa gadata ta C tana tsaye tana kiran sunan yanka. Na rushe gadar na sake ta da C++ ɗin kansa, na bar ƙofa ɗaya da Kotlin zai gane. Na danna. Jajaye suka zube daga arba'in da bakwai zuwa sha biyu.

Na fito tsakar gida ba ɗankwali ina tsalle, kaji suka watse. Inna ta ce ko aljanu ne. Na ce mata talatin da biyar na kashe da hannu ɗaya, ta ce Allah ya shirye ni.

Na so in gaya wa Yaya, mutum ɗaya da zai gane abin da na yi. Na ma ɗauki waya. Tsohon layinsa a kashe yake tun bayan ƙaramar salla, kuma ko a kunne yake Baba ya riga ya hana a kira shi. Ba zan rubuta wannan ba.

Asabar, 9 ga Agusta, da safe

YA ƊINKU.

Sha biyun nan ashe kukan yunwa suke yi. Ƙunshin Yaya yana jingine da wasu kayan aikin C++ na gama-gari, ni kuma ban gaya wa linka ya ɗauko su ba. Layi ɗaya na ƙara. Layi ɗaya, bayan kwana biyu ina zagin kwamfuta da kakanninta! Kore ya fito, na zuba manhajar a wayata, na ce, "Asama'u gwana," na aika wa kaina. Muryata ta dawo tas.

Na saurare ta ya fi sau ashirin. Kwana biyar kacal, ga sati uku a gabana ban san abin da zan yi da su ba. Har na fara tunanin kalar hijabin da zan sa ranar taro.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan azahar

Na karɓi wayar Baba don in zuba masa, shi ya fara gani kafin kowa. Ta ƙi karɓa. Na sake, ta ƙi.

Na zauna na bincika. Wayata irin sababbin nan ce masu bit sittin da huɗu. Ta Baba, mai tsagaggen gilashi da roba a ɗaure, tsarin bit talatin da biyu take bi. Na ce to mene ne a ciki, sai in gina wa ƙananan nasu daban. Na danna, Malam Linka ya fito da layi ɗaya tak, ja wur: wannan ƙunshi ba na irin wannan waya ba ne.

Guda ɗaya ne, amma ya fi arba'in da bakwai ɗin can nauyi. Waɗancan laifina ne, na gyara. Wannan kuwa sai an sake dafa ƙunshin daga asalin rubutu, kuma asalin yana wajen mai shi.

Na mayar wa Baba wayarsa na ce caji ne ya yi ƙasa.

Litinin, 11 ga Agusta, da hantsi

Murna ta koma ciki.

Laraba, 13 ga Agusta, da yamma

Na je bakin kogi na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina duba wayoyinsu, da fatan ta Baba ce kaɗai tsohuwa. Cikin ashirin da biyu, sha tara irin tasa ne. Ina duba suna yi min kirari, wai ɗiyar babba mai sa waya ta yi duba. Wani har ya ba ni ƙaton ragon ruwa kyauta. Na karɓa ina murmushin yaƙe.

Na gwada rubuta matsewar da kaina. Muryar ta fito kamar kwaɗo a cikin tulu, kuma ta ƙi ƙanƙancewa. Yaya wata takwas ya yi a kan tasa. Ni sati biyu gare ni da 'yan kwanaki.

Jirginsa yana nan a kife inda aka bar shi, ciyawa ta fara fitowa ta gefe. Na bi ta ɗaya hanyar.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Gwaggo Dela ta zo! Yayar Baba ce, ita ke kai bandar kifi Lolo, daga can ta tsallaka Benin inda Yaya yake, ta kwana biyu ta dawo. Ita kaɗai ce ba wanda ya isa ya hana ta ganin wanda take so. Ta same ni na haɗa kai da gwiwa, ta matsa min sai da na faɗa.

Ta ce, "To ki aika mai, ki ce shi ba ki asalin."

Na ce Gwaggo kin manta gidan da muka fito? Mutum ya zo da ƙayar kifi a maƙogwaro, Baba zai ba shi ruwa ya sha ƙaya ta wuce, amma abin da ya karanta a ruwan ba mai tambaya, ko ɗan cikinsa. Sai ranar da ya ga dama ya kira ka ya ba ka. Yaya ya ba ni ruwan, bai ba ni karatun ba. Ni ƙanwa, in buɗe baki in ce kawo? Bayan abin da ya faru, bayan ni ce na tsaya shiru ranar da ya saɓa da Baba ya bar gida?

Gwaggo ta gama tauna goronta ta ce, "Ba a tambaya, gaskiya na. Amma kwanon da anka kawo ma abinci, ana maishe shi wayam?"

Na daka tsalle na rungume ta har goron ya faɗi. Ba kira ba ne, ba roƙo ba ne, kyauta ce. Zan zuba duk aikina a memori in aika masa. Dole ya dawo da abu a ciki, kuma me zai sa in ba asalin nasa ba? Tsohuwar nan da ta yi boko da ta sayar da mu duka.

Asabar, 16 ga Agusta, da sassafe

Ta tafi. Memorin yana ƙulle a bakin zanenta.

Jiya na yi wa aikin wanka sosai. Na goge tarihin jajayen layukan nan duka, na cire umarnin gina wa ƙananan wayoyi, na bar shi yana ɗinkuwa sumul. Ba zan aika wa yayana abu da tabonsa a sama ba, kamar ina ce masa ga inda ka gaza. Zai gani ya gane da kansa.

Yau na ci tuwo malmala biyu.

Talata, 19 ga Agusta, da la'asar

Gwaggo ta dawo da memori, da jan cuku irin na can, wagashi, ƙulli biyu. Nan take na sa memorin a kwamfuta.

Sabon ƙunshi ne. Ya gyara shi, murya ta ƙara fita, ta ƙara ƙanƙanta. Dafaffe. Na manyan wayoyi. Da 'yar takarda a ciki: "Ma'u, na gwada a wayata, komai lafiya. Gadarki ta fi wadda zan gina. Allah ya yi albarka."

Na karanta sau uku ina murna, wallahi murna ta gaske, sannan na danna gini na ƙananan wayoyi. Layin nan ja ya fito yana kallona.

Laraba, 20 ga Agusta, da hantsi

Ni ce sakarya. Ta ina zai gane? Na aika wa likita mara lafiya bayan na yi masa kwalliya na hana shi tari.

Da na gaya wa Gwaggo abin da na goge sai ta riƙe haɓa. "Ke ɗiyar nan! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kin sa ni hawan mashin har ƙugu nai min ciwo, don ki kai mai gaisuwa?" Gaskiyarta ce. Ba za ta sake tafiya ba sai Asabar, sai bandarta ta taru.

Saura kwana goma. Inna ta soya wagashin ta sa a miya. Ba wanda ya tambayi daga ina ya fito, kuma Baba ya cinye nasa.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan la'asar

Baba yana ɗinkin taru a zaure na zo wucewa, ya ce, "Wayag ga tawa, har yau cajin bai cika ba?"

Na durƙusa na faɗa masa gaskiya. Na ce akwai yanki ɗaya a cikin aikin da aka saƙa da ido mai faɗi, wayoyinsu kuma ƙaramin ido suke so, kuma ba a rage idon taru bayan an gama saƙa, sai a koma ga zare.

Ya ce, "Zaren yana ina?"

Ya san inda yake, ni ma na sani. Ya ci gaba da ɗinki, allurarsa tana shiga tana fita. Na jira ya yi faɗa, ko ya ce in je in gaya wa dattawa a fasa. Da ya yi faɗan ma da na fi samun sauƙi. Can ya ce in tashi in ba shi haske.

Tsoro nake ji. Ba na taron ba, na ganin Baba tsaye gaban mutanen da ya yi wa alkawari da bakinsa.

Asabar, 23 ga Agusta, da sassafe

Wannan karon ban wanke komai ba. Na mayar da umarnin ƙananan wayoyi, na bar jan layin a sama inda ko makaho zai yi tuntuɓe da shi. Ban rubuta ko kalma ba, amma kunya kamar in nutse.

Sai ga abin da ban zata ba. Gwaggo tana ɗaura kwando a bayan mashin, Baba ya fito daga zaure ya miƙa mata wayarsa, da robarta da komai.

"Dela, wagga waya ta lalace. In kin samu mai gyara can wajenku, shi duba ta."

Gwaggo ta ce, "Ɗanmusa, masu gyara sun ƙare Bagudo?"

Ya ce, "Na nan ba su san ciwonta ba." Ya juya ya shige.

Na tsaya baki buɗe. Gwaggo ta kashe min ido ta cusa wayar cikin zane. Ina ta dariya ni kaɗai tun ɗazu, ban san dalili ba. Na sani mana.

Litinin, 25 ga Agusta, da yamma

An kwana biyu ana ruwa. Ba Gwaggo.

Talata, 26 ga Agusta, da azahar

Ba Gwaggo. Masu mashin sun ce hanyar Lolo ta zama kunu. Na share ɗaki sau biyu, na goge allon kwamfuta, na canza launin maɓalli daga shuɗi zuwa kore na sake mayar da shi shuɗi. Duk ƙarar mashin sai na leƙa. Inna ta ce in na ƙara leƙawa za ta ɗaure ni a turmi.

Baba ba waya, sai ya riƙa shafa aljihu yana fasawa.

Laraba, 27 ga Agusta, da la'asar

TA ISO! Da laka har gwiwa, tana zagin hanya da mai mashin da ni. Ta jefo min memori ta ce in ba ta ruwan zafi kafin ta mutu.

Na buɗe. Ba ƙunshi ba ne. Asalin ne, gaba ɗayansa, fayil talatin da ɗaya, da bayanansa a gefen layuka irin yadda yake magana: nan a yi hankali, nan ban san dalilin da ya sa yake aiki ba amma kar a taɓa. Takardar ta ce: "Laifina ne, da wayata kaɗai na auna. Ga shi nan duka, naki ne. Ki dafa da kanki, kin fi ni sanin wayoyin gida. Na bar manhajar a wayata."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ban tambaya ba, aka ba ni.

Gwaggo ta ce da ta miƙa masa wayar Baba ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya fita waje. Da ya dawo ya canza mata gilashi, amma ya mayar da robar yadda take. Ta ba Baba, ya duba gaba ya duba baya ya ce mai gyaran ba laifi.

Alhamis, 28 ga Agusta, da hantsi

Na dafa da kaina, na manya da na ƙanana. Malam Linka ya so ya yi gardamar ƙarshe, jajaye uku, wai na jera masa kaya ba bisa tsari ba, na sa mai bayarwa gaban mai nema. Na juya su. Kore!

Na zuba a wayar Baba, ta karɓa. Na ruga bayan gida na yi magana a tawa, na dawo da gudu na tarar da muryata tana fita daga aljihunsa, ya zabura har hularsa ta karkace. Inna ta yi guɗa. Malam Linka, na yafe maka duniya da lahira.

Juma'a, 29 ga Agusta, da yamma

Waya ashirin da biyu, duka sun karɓa. Ƙafafuna sun kumbura, muryata ta dushe wajen koya wa tsofaffi su danna su riƙe, ba su danna su saki ba. Kogi ya fara ja, yana ɗauko ciyawa daga sama.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan la'asar

Zan rubuta a hankali don kar in tsallake komai.

An taru bayan hantsi, mutum ya fi sittin. Na tsaya da niyyar in aika gwaji daga wayata su ji. Ban kai ga dannawa ba wayoyi suka yi ƙara a tare, ta cikin aljihuna da ta hannun kowa. Saƙo daga sama.

Tsohon nan da ya yi shakkata shi ya fara dannawa, don ya nuna ya iya. Murya ta fito tas, kamar mai ita yana zaune a tabarma:

"Salamu alaikum. Daga sama da Lolo, gefen Benin. Ruwa ya hau kamu ukku tun jiya da marece, kuma yana bisa hawa. Wanda ad da taru ko jirgi a gangare shi ɗauke yau, kada shi kai gobe."

Ba wanda bai gane muryar ba. Kowa ya sunkuyar da kai, ana satar kallon Baba. Wata biyar ke nan rabonmu da jin muryar Yaya.

Baba ya ciro wayarsa ya miƙo min. Na ɗauka cewa zai yi in kashe. Ya ce, "Sake kunna min."

Na kunna. Ya kara a kunne ya saurara har ƙarshe, ko da yake kowa ya riga ya ji. Sannan ya dubi mutane ya ce kun jiya, a tashi a kwashe kaya. Matasa suka ruga gangare. Shi bai tashi ba. Ya tambaye ni wanne ake dannawa a riƙe. Na nuna masa, na ɗora yatsana a kan nasa na danne.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Mun jiya. Gobe da sahe ka sake dubawa, ka hwaɗa min."

Sabis layi ɗaya ne. Na zuba wa allon ido ina addu'a, sai ga alamar ya isa. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, cikin laka, da sabon hijabina.

Yanzu haka Baba yana zaure, ya ajiye wayar a kan gwiwarsa. Ya aiko Inna sau biyu ta tambaye ni ko cajin zai kai safe.